Abokin Kuka Ba A Ɓoye Masa Mutuwa

Samari da 'yan mata masu bin Almasihu a Filinge da ƙauyukan Kurfai, da ku waɗanda aiki ko karatu ya kawo ku cikinmu, maganar abota nake so mu yi. Abotar ranar Kirsimeti kowa ya iya ta, tukunya na kan wuta, kowa da sabuwar riga. Wadda nake nufi ita ce ta ranar da mutum ya faɗi: ranar da aka kafa sakamakon jarrabawa babu sunansa, ranar da ya dawo daga Libiya ko Abijan hannu rabbana, ranar da aka fasa aure bayan an kai kaya, ranar da aka binne mai ciyar da gida. Abin da shekaru suka nuna mini shi ne, ba safai wanda ya faɗi yake tashi shi kaɗai ba. Allah ne mai tayarwa, amma galibi ta hannun wani ɗan Adam yake miƙo taimakonsa. Fatana ku zama wannan hannu, kuma in ranar taku ta zo, kada ku ture shi.

Ƙasarmu ba baƙuwar wahala ba ce. Filinge tana kimanin kilomita 180 daga Yamai, a kwarin Dallol Boso, kusa da inda noma ke ƙarewa kiwo ya karɓa, inda makarar ruwa ta mako uku kan iya rushe lissafin shekara. Kakanninmu sun ga yunwar 1931, da ta biyo bayan fara ta cinye hatsi, ga Nasara bai sassauta haraji ba. Iyayenmu sun ga farin 1973 da 1974, da na 1984 wanda ya kwantar da garkunan shanu. Da yawanku kuna goye ko kuna rarrafe a ƙuncin 2005. Ku ma kun sami naku rabon. A 2012 'yan gudun hijira daga Mali suka cika Abala. Daga farkon 2020 aka hana hawan babur a sassa da yawa na jihar Tilaberi saboda tsaro, samarin da ke cin abinci da kabu-kabu suka wayi gari babu sana'a. Ranar 15 ga Maris 2021 aka kashe mutum 58 a yankin Banibangu, mafi yawansu suna dawowa daga kasuwa. An rufe ɗaruruwan makarantu a jihar nan. Bayan kowane adadi akwai wani gida da aka yi shiru, akwai wani yaro da ya daina dariya.

Ku tambayi tsofaffi yadda aka tsallake waɗancan shekaru. Za su ambaci taimakon gwamnati da na ƙungiyoyi, amma za su fi daɗewa a kan maƙwabciyar da take turo ƙwaryar fura bayan duhu ya yi, don kada a gani a ji kunya. Za su ambaci gayya, yadda samari kan taru su nome gonar wanda ciwo ya kwantar. Za su ambaci habbanaye na maƙwabtanmu Fulani: wanda dabbobinsa suka ƙare, abokinsa ya ba shi aron saniya ko akuya, ya yi ta kiwo yana shan nono, 'ya'yan da ta haifa su zama nasa, daga baya ya mayar da uwar. Wannan gadonmu ne, kuma Kirista ba ya zubar da shi don ya shiga ikkilisiya. Abin da bangaskiyarmu ta ƙara a kai shi ne tushe. Yesu ya kira almajiransa abokai a daren da ya san za su watse su bar shi, ya kuma ba da ransa domin mutanen da ba su da abin rama masa. Wanda aka yi wa irin wannan abota ba shi da ikon yin tasa a kan lissafin riba.

Mu kuma buƙatarmu ga juna ta fi ta kowa, domin mu 'yan kaɗan ne. A Nijar gaba ɗaya ba mu kai biyu cikin ɗari ba, a Kurfai kuwa mun fi haka ƙaranci. Wani malamin makaranta ne da aka turo daga nesa, danginsa suna Maraɗi ko Gaya. Wata ma'aikaciyar jinya ce, ita kaɗai a gidan haya. Wani ɗan ƙasa ne, amma tun da ya bi Almasihu aka janye masa tabarma a gidan ubansa. Irin waɗannan idan masifa ta same su, in ɗan'uwa cikin bangaskiya bai zo ba, mai yiwuwa babu mai zuwa. Saboda haka sakacin da zai wuce ba a lura ba a babbar majami'a ta Yamai, a nan yana iya kashe zuciyar mutum.

Aikin farko na aboki shi ne ya zo, ya zauna. Zumunta a ƙafa take. Ku dubi abokan Ayuba su uku. Da suka ji ya rasa 'ya'ya da dukiya da lafiya, suka taso daga garuruwansu, suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai babu wanda ya ce uffan. Wannan ne mafi kyawun abin da suka yi. Ɓarna ta fara ne sa'ad da suka buɗe baki suna nema masa laifin da ya jawo masifar, har a ƙarshe Allah ya tsawata musu. Har yau muna da irinsu. Mace ta yi ɓari, wata ta ce mata da ta dage da addu'a da ba haka ba. Saurayi ya faɗi jarrabawa karo na biyu, wani ya ce ya binciki kansa, akwai zunubin da bai furta ba. Wannan ƙarin ciwo ne a kan ciwo. Kalmomin da muka gada sun isa: sannu, yaya aka ji da haƙuri, Allah ya ba da dangana, ina tare da kai. In mai baƙin ciki ya yi magana mai zafi, har ya tambayi inda Allah yake, kada ku yi saurin rufe masa baki da aya. Ayuba ya yi tambayoyin da suka fi nasa zafi, kuma Allah bai yashe shi ba.

Ku kuma lura da lokaci. Kwanakin farko na rasuwa gida cike yake da masu gaisuwa. Bayan wata guda an naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa, a lokacin ne kaɗaici yake shigowa da ƙarfinsa. Abokin kirki shi ne mai dawowa a wata na biyu da na biyar, mai tuna ranar da shekara ta zagayo.

Aiki na biyu na hannu ne. Labarin Na'omi kamar a ƙasarmu aka yi shi. Yunwa ta kore ta da mijinta da 'ya'yanta maza biyu daga Baitalami zuwa Mowab. Can mijin ya mutu, bayan kimanin shekara goma 'ya'yan suka bi shi. Ta dawo gida tsohuwa, babu miji, babu ɗa, tana cewa Allah ya juya mata baya. Surukarta Rut, baƙuwa, ta ƙi rabuwa da ita. Rut ba ta yi mata wa'azi ba. Kwando ta ɗauka ta tafi kalar sha'ir a gonar Bo'aza, tun safe har yamma, ta kawo abin da za su ci. Daga wannan kala aka kai ga aure, aka haifi Obida kakan sarki Dawuda. Begen Na'omi ta ƙofar ciki ya dawo kafin ya kai zuciya. Haka ma waɗanda suka kawo bishara ƙasar nan suka gane: shi ya sa 'yan mishan na SIM suka buɗe asibitin Galmi a 1950, da na masu cutar kuturta a Danja a 1956, inda a 2012 aka ƙara cibiyar gyaran mata masu yoyon fitsari, waɗanda da yawansu mazajensu sun sake su, dangi suna gudunsu.

Ba sai kuna da asibiti ba. Kada ku ce wa mai wahala, “In kana buƙatar wani abu ka faɗa mini,” domin ɗan Kurfai ya gwammace ya kwana da yunwa da ya roƙa. Ku duba da idonku. Ki ɗebo mata ruwa, ki daka mata hatsi, ki ɗauki yaran su wuni gidanku. Ka raka shi asibiti, ka tsaya a layi a madadinsa. Ku tara samari ku yi masa noman farko. Wanda ya faɗi jarrabawa, ka zauna da shi da littattafanka kowane maraice. Wanda jarinsa ya karye, ku saka shi a adashe ku ba shi ɗaukar farko. Mai akuya biyu ya ba da aron ɗaya. Ku yi shi a asirce, yadda mutuncinsa ba zai zube ba, kuma kada a ɗauki hoto.

Akwai wahalar da ba ta fita a jiki, ita ma ku koyi gane ta. Annabi Iliya, bayan babbar nasararsa a dutsen Karmel, ya gudu jeji saboda barazanar Yezebel, ya zauna ƙarƙashin wani itace ya roƙi mutuwa. Allah bai fara da tsawa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau biyu, ya saurari kukansa, ya sanar da shi cewa akwai mutum dubu bakwai da ba su yi wa gunki sujada ba, sannan ya haɗa shi da Elisha ya zama abokin tafiya. In annabi ya kai wannan hali, kada ku ce Kirista na gaskiya ba ya shiga ciwon damuwa. Idan abokinka ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ya daina wanka, ya janye daga mutane makonni, ko yana firgita tun da ya ga kisa a hanya, to addu'a da likita ba kishiyoyi ba ne, ka yi masa duka biyun. Idan ya fara neman mantuwa a taramol ko giya, kada ka jira ya nutse. Idan kuwa ya ce ya gaji da rayuwa, gara ya mutu, kada ka ɗauka wasa ne, kada ka bar shi shi kaɗai a daren nan, kuma ka sanar da babban da za a amince da shi da ma'aikacin lafiya. Wannan shi ne sirri guda da ba a riƙewa.

Sauran sirri kuwa amana ne. Garinmu ƙarami ne, maganar da aka yi a bakin rijiya da safe takan isa kasuwa kafin azahar. Mu masu bi muna da wata hanyar tsegumi mai kama da ibada: a tashi a taron addu'a a ce, “Mu tuna da 'yar'uwa wance, kun dai san halin da take ciki,” sai a zayyana komai. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba zai ƙara buɗe cikinsa ba. In ba ta ba ki izini ba, ki kai sunanta gaban Allah ke kaɗai.

Mafi wuya ita ce wahalar da mutum ya jawo wa kansa. Yarinya ta yi ciki ba aure. Saurayi ya ci kuɗin da aka ba shi ajiya. Wani ya musanci bangaskiyarsa saboda tsoro ko saboda mace. A nan abokai suka fi gudu, kowa na tsoron a shafa masa. Ikkilisiya tana da hurumin yin horo, kuma aboki na gaskiya ba ya kiran baƙi fari. Yakan faɗi gaskiya ido da ido, a keɓe, ya raka mai laifi ya nemi gafara, ya biya abin da ya ci. Amma manufar horo maidowa ce. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya. Bayan tashinsa daga matattu, Yesu ya same shi a bakin teku, ya gasa kifi ya ciyar da shi, sannan ya sake danƙa masa kiwon jama'arsa. Markus ya gudu daga aikin bishara ana tsakiyar tafiya, har Bulus ya ƙi sake tafiya da shi. Barnaba ya ɗauke shi zuwa Kubrus, ko da yake hakan ya raba shi da Bulus. Shekaru bayan haka Bulus da kansa, yana kurkuku, ya aika a kawo masa Markus saboda amfaninsa. Barnaban nan kuwa shi ne ya tsaya wa Bulus a Urushalima tun farko, lokacin da masu bi ke tsoronsa. Kowace ƙaramar ikkilisiya tana buƙatar mutum ɗaya mai irin wannan hali. Zauna kusa da wadda kowa ya matsa daga bencinta. Je sunan jaririn da ake ƙyamar zuwa.

Yanzu gare ka, kai da kake cikin ramin a yau. Na san kunya ce ta rufe maka baki, musamman in ka tafi biɗa da alkawarin rufin kwano da kuɗin aure, ka dawo da rigar jikinka. Na san akwai waɗanda suka ƙi dawowa gida sam saboda wannan kunya. Amma abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Shanyayyen nan na Kafarnahum, mutum huɗu suka ɗauko shi a kan shimfiɗarsa, suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu. Muna yabon su huɗun, muna mantawa cewa shi ma ya yarda a ɗauke shi a gaban jama'a. Karɓar taimako tawali'u ne, kuma wani sashe ne na bangaskiya. Zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu riƙon amana ka faɗa musu gaskiya. Kada ka daina zuwa sujada don ba ka da baiko ko ba ka jin daɗin waƙa. Zo ka zauna, bari muryar wasu ta ɗauke ka har taka ta dawo. Kada kuma ka auna rayuwarka da hotunan Facebook, domin ba wanda ke saka hoton daren da ya kwana yana kuka.

Ga abin da nake so ka riƙe game da bege. A farkon shekarun 1980 wani ɗan mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi, mafi yawan abin da ya dasa yana mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa a gonaki kowace shekara rassa ne na kututturan itatuwan da aka sare tuntuni, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da suke buƙata kawai a zaɓi reshe mai ƙarfi, a rage sauran, a kare shi daga gatari da bakin akuya. Manoma suka kira abin sassabin zamani. Bayan yunwar 1984 ya bazu, har masu bincike suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Kai ma an sare ka, amma saiwarka tana nan: abin da ka koya, hannunka mai aiki, mutanen da ke ƙaunarka, da Almasihu wanda bai sake ka ba. Aikin aboki shi ne ya ga ɗan tohon da kai ba ka gani, ya tsare shi har ya yi ƙarfi.

Ko nisa ba ya yanke wannan aiki. A daren 17 ga Satumba 2018 aka sace Fada Pier Luigi Maccalli, ɗan Italiya, daga Bomoanga a jiharmu ta Tilaberi. Ya yi fiye da shekara biyu a hannun masu bindiga, wani lokaci da sarƙa a ƙafa, har aka sake shi a Mali ranar 8 ga Oktoba 2020. Duk tsawon wannan lokaci mutanen yankinsu na Crema suna taruwa ranar 17 ga kowane wata suna yi masa addu'a, har da watannin da ba su san ko yana da rai ba. Da ya fito ya shaida cewa ya gafarta wa waɗanda suka tsare shi. Haka a ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, sa'ad da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, aka rasa rayuka goma, shugabannin ikkilisiya suka yi shelar gafara, aka kuma sake ginawa. A waɗannan ranaku akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu. Kada ku manta da wannan. Abotar Kirista ba ta tsaya a ƙofar majami'a ba. Maƙwabcinka Musulmi da kuke shan shayi a fada ɗaya, in an yi masa rasuwa ka riga kowa zuwa, in gonarsa ta ƙi ka raba tiyarka da shi, ba da wata manufa a ɓoye ba, sai don shi maƙwabcinka ne. In kuma shi Allah ya aiko maka a ranar ƙuncinka, ka karɓa da godiya.

Sai gargaɗi kaɗan. Mai rauni yana da sauƙin cuta. Saurayi, kada ka mai da hawayen yarinya ƙofar shiga. In 'yar'uwa tana cikin damuwa, ka haɗa ta da matan zumunta. Ku guji mai sayar da addu'a, wanda ke cewa a kawo kuɗi ko dabba kafin a karya la'ana. Ku guji abokin da ke zuga ku ga ramuwa, ko mai nuna muku gajeriyar hanyar kuɗi ta daji. Kai mai taimako kuma, ka sani kai ba mai ceto ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In nauyin ya fi ƙarfinka, jawo fasto ko Fada, jawo dattawa, ku raba.

Ba zan yi muku alkawarin cewa komai zai koma yadda yake ba. 'Ya'yan Na'omi ba su dawo ba, ko da ta rungumi jika. Yesu ya tashi daga kabari da tabon ƙusoshi a hannunsa. Sabuntawa ba ta goge abin da ya faru, tana ba mutum ƙarfin sake shuka, sake dariya, sake amincewa da mutane, kuma sau da yawa wanda ya sha wuya ya warke shi ne ya fi kowa iya zama kusa da mai kuka. Begenmu yana tsaye a kan wannan tashi daga matattu, don haka ba ya jiran damina ta yi kyau ko hanya ta yi lafiya kafin ya tabbata.

'Ya'yana, kowannenku ya san wani da ya kwana biyu ba a gan shi a sujada ba, ko wata da ta daina fitowa tun da abin ya faru. Kada ku jira Lahadi, kada ku jira fasto ya aike ku, kada ku wadatu da saƙon waya. Ku tashi cikin makon nan ku je gidansa, ku yi sallama, ku zauna, ku koma kuma mako mai zuwa. Allah ya ba ku zuciyar yin haka, ya kuma ba ƙasarmu ta Kurfai zaman lafiya da damina mai albarka. Amin.